Ɗana yana cewa shi mace ne: rabuwarmu tun yana jinjiri ce ta jawo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a Kaduna, ɗana na fari yana da shekara takwas. Bayan na haife shi na yi ciwon damuwa mai tsanani, aka ɗauke shi yana wata bakwai aka kai wa mahaifiyata, gidan da duk mata ne. Bai dawo hannuna ba sai da ya shekara huɗu. Tun dawowarsa yake ɗaura ɗankwali da zane, wasansa da 'yan mata, kwanan nan kuma ya fara cewa shi mace ne. Ranar aski kuka yake yi kamar ransa zai fita. Babansa ya doke shi har ya gaji, yaran unguwa suna ce masa ɗan daudu. Uwar mijina ta ce ni na lalata shi, na kuma karanta a intanet cewa rashin shaƙuwa da uwa tun ana jariri ne ke kawo wannan. Ni na jawo masa? In na ja shi a jiki zai daina? Ko mu kai shi makarantar kwana cikin maza kamar yadda babansa ke so?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya miki shi. Babu binciken da ya tabbatar cewa rabuwa da uwa a jarirantaka, ko tashi cikin mata, shi ne ke sa yaro ya ji shi ba namiji ba ne. Ciwo kika yi, aka nema wa jaririnki hannun da ya fi kowane aminci bayan naki. Amma abin da kika karanta yana da tushe, kuma gara ki san iyakar gaskiyarsa, don za a sake kawo miki shi.

Idan masana halayyar yara suka ce shaƙuwa, abu guda suke nufi: wajen wa yaro yake gudu in ya tsorata, ko ya ji ciwo, ko ya gaji, kuma in ya isa hankalinsa yana kwanciya? Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila John Bowlby ne ya tsara wannan fahimta bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mary Ainsworth ta gwada ta a ƙauyukan kusa da Kampala a Yuganda a 1954 da 1955, daga baya kuma a Baltimore ta Amurka. Gwajin da ta ƙirƙira na kimanin minti 20 ne. Za a sa uwa da ɗanta mai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi a ɗaki, uwar ta fita na ɗan lokaci ta dawo, a duba yadda ya tarbe ta. Wani zai rugo ya maƙale ta, ya huce, ya koma wasa. Wani zai kau da kai kamar bai gan ta ba. Wani zai riƙe ta yana ture ta lokaci guda, lallashi bai isar masa. A 1986 Mary Main da Judith Solomon suka ƙara rukuni na huɗu: yaron da ke daskarewa ko ya rikice, sau da yawa saboda wanda zai gudu wajensa shi ne kuma yake ba shi tsoro.

A 1988 aka haɗa sakamakon bincike 32 daga ƙasashe takwas, aka ga kimanin kashi 65 cikin 100 na yara suna rukunin farko, na masu natsuwa. Wato wajen ɗaya cikin uku na yaran da aka gwada ba su da wannan natsuwar. Yaran da ke fama da ƙuncin jinsi, wato damuwa mai tsanani kan cewa jikinsu da abin da suke ji a ransu ba su dace ba, ba su kai ko kusa da wannan adadi ba. Da a ce rashin shaƙuwa kaɗai ke haifar da shi, da kowane aji na firamare an samu yara da dama masu irin maganar ɗanki.

Mu duba gida kuma. A 1977 Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu suka wallafa abin da suka gani a jarirai 18 na Hausawa a Najeriya. Jariran sun shaƙu da mutum fiye da ɗaya, galibi uku ko huɗu, kuma wanda jariri ya fi nema shi ne wanda ya fi ɗaukarsa da hulɗa da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Yaye a gidan kaka, riƙon ɗan 'yar'uwa, alkunyar ɗan fari inda uwa ba ta ko kiran sunansa, zaman yaro namiji cikin gida tare da mata har ya kai shekarun fita zaure, duk haka aka rene maza marasa adadi, suka girma ba su taɓa shakkar kansu ba. Ɗanki yana wata bakwai ya koma hannun kakarsa, daidai lokacin da jarirai ke fara tantance nasu daga baƙo. Mafi kusa da gaskiya shi ne ya shaƙu da ita sosai.

Saboda haka rabuwar da ta fi jan hankalinmu a wasiƙarki ita ce ta biyu, wadda ba ki ɗora mata nauyi ba. Yaro ɗan shekara huɗu da aka raba da matar da ta goya shi, aka kai shi gidan da bai saba ba, rashi ya yi, ko da kuwa gidan ubansa ne. Ba mu ce wannan ne ya sa yake cewa shi mace ne ba. Ciwo ne dabam da ke buƙatar kulawa dabam, kuma za mu dawo kansa.

To daga ina maganar ɗora wa uwa laifi ta fito? A 1968 likitan Amurka Robert Stoller ya ce irin waɗannan yara maza uwa ce ta manne musu fiye da kima, uba kuma ya yi nisa. Daga baya Susan Coates a New York ta kawo kusan akasin haka: ta ga yawancin yaran da ake kawo mata suna da tsananin tsoron rabuwa, ta yi hasashen cewa yaron da uwarsa ta yi nisa da shi saboda damuwa yakan kwaikwaye ta don ya riƙe ta a ransa. Binciken da ta yi da abokiyar aikinta a 1991 kan iyaye mata, uwaye 16 ne kacal na irin waɗannan yara a cikinsa. Ki lura, bayani ɗaya ya ce kusanci ya yi yawa, ɗayan ya ce ya yi kaɗan, sakamakon kuma wai ɗaya. A 'yan shekarun nan an sake dubawa. A Italiya a 2018 aka yi hira da manya 95 masu ƙuncin jinsi, kashi 46 cikin 100 suka faɗa rukunin rikitacciyar shaƙuwa, wato irin rukunin nan na huɗu, kashi 56 kuma suka ba da labarin cutarwa iri huɗu ko fiye a ƙuruciya. A Sidni ta Ostareliya a 2021 Kasia Kozlowska da tawagarta suka duba yara da matasa 57 a asibitin yara, suka ga yawancinsu shaƙuwarsu tana da rauni, da tarihin rashi, rikicin gida da tsangwama.

Waɗannan alƙaluma gaskiya ne, ba ma wasa da su. Sai dai ba su amsa tambayarki ba. Duk mutanen da aka duba waɗanda suka zo asibiti ne, kuma wanda ya tsaya a ƙofar asibiti yana ƙirge zai ɗauka duk garin ba lafiya. Sannan an auna shaƙuwar ne bayan shekaru da fara matsalar, babu ɗaya cikin waɗannan binciken da ya bi jarirai tun daga goyo ya ga wanne ya riga wanne. Abin da ya fi muhimmanci gare ki kuma shi ne hanyar na iya zama a juye. A 2012 wani bincike a Amurka kan matasa kusan 10,000 ya nuna waɗanda halayensu a ƙuruciya suka fi saɓa wa na jinsinsu sun fi fuskantar duka, zagi da lalata, galibi daga manyan cikin gida. Yaro ya fito da wata ɗabi'a, aka dake shi saboda ita, shaƙuwa ta lalace, mai bincike ya zo daga baya ya tarar da biyun tare. Da yau za a auna ɗanki, yaron da ubansa ke duka, unguwa ke yi wa dariya, za a iya samun raunin shaƙuwa, kuma ba sai an koma watansa na bakwai kafin a gano dalili ba.

Akwai kuma shaidar da ke nuna tarbiyya ba ta da ikon da ake ba ta a wannan fanni. David Reimer, wanda aka haifa a Kanada a 1965, ya rasa al'aurarsa a wajen kaciya yana jariri. Bisa shawarar masanin halayya John Money aka rene shi a matsayin mace, da suna da sutura da komai. Bai taɓa yarda ba, yana shekara 14 da aka gaya masa gaskiya ya koma rayuwa a matsayin namiji. Iyaye da likitoci sun haɗa ƙarfi shekara da shekaru da gangan sun kasa, balle zaman shekara uku da 'yan watanni a gidan kaka. A 2012 aka tattara rahotannin tagwaye: a masu kama ɗaya guda 23, kimanin kashi 39 cikin 100 dukansu biyu suna da ƙuncin jinsi, a tagwaye 21 marasa kama ɗaya masu jinsi guda kuwa ba a samu ko ɗaya ba. Adadin kaɗan ne, amma yana nuni da hannun halitta. 'Yan matan da aka haifa da wata cutar da ke sa jikinsu samar da sinadarin maza da yawa tun a ciki sukan fi son wasan maza, duk da haka kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai ke samun ƙuncin jinsi. Abin da ya fi dacewa da duk wannan shi ne abubuwa da dama ne ke haɗuwa, na halitta da na rayuwa, kuma haɗuwar takan bambanta daga yaro zuwa yaro. Wanda ya nuna miki sanadi guda ya ce shi ke nan, ya wuce abin da aka sani.

Tambayarki ta biyu: in kin ja shi a jiki zai daina? Ki ja shi, tun daga yau. Amma kada ki yi shi a matsayin magani da kike jiran ya yi aiki, don yara suna gane soyayyar da aka ɗaura wa sharaɗi. Ranar da ya sake ɗaura ɗankwali ya ga fuskarki ta canza, zai koyi ɓoyewa, kuma yaron da ke ɓoye wa uwarsa abu shi ne ya fi sauƙin faɗawa hannun mai cutarwa.

Game da inda abin zai ƙare, binciken ya rabu. A Toronto aka bi yara maza 139 da aka gani a asibiti suna kimanin shekara bakwai, aka sake ganinsu suna kimanin ashirin, rahoton 2021 ya ce wajen kashi 88 cikin 100 ƙuncin ya rabu da su. Wani binciken na 2022 a Amurka kan yara 317 da tuni iyayensu suka sauya musu suna da sutura ya ga kashi 94 suna nan kan bakansu bayan shekara biyar. Ba irin yara ɗaya aka duba ba. Na farko ya haɗa da waɗanda alamunsu ba su da ƙarfi ƙarƙashin tsofaffin ƙa'idoji, na biyu kuma waɗanda suka fi dagewa ne. Likitocin Holan sun lura cewa tsakanin shekara 10 zuwa 13, lokacin da jiki ya fara canzawa, nan abin yakan fayyace. A shekara takwas babu likitan da zai iya yi miki alkawarin ko wanne.

Ba ma a tabbatar ɗanki yana da ƙuncin jinsi ba tukuna. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta 2013 tana neman alamu shida cikin takwas, na tsawon aƙalla wata shida, dole ɗaya ta zama dagewa kan shi ɗaya jinsin ne ko tsananin son zama shi, kuma abin ya kasance yana ƙuntata masa ko yana hana shi harkokinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a tsarin da ya fara aiki a 2022 ta ce a yara sai ya ɗauki kimanin shekara biyu, kuma son wasa ko kayan ɗaya jinsin kaɗai bai isa ba. Don haka ki samu ɗan littafi ki ɓoye shi inda ba mai gani. Tsawon wata biyu zuwa uku ki riƙa rubuta ranar da ya yi maganar, kalmomin da ya faɗa daidai yadda ya faɗe su, abin da ya faru kafin nan, da yadda barcinsa da cin abincinsa suke. “Ina ma ni mace ce” dabam take da “ni mace ce”, likita zai so ya san wacce yake faɗa. Ki rubuta ko yana maganar ƙin al'aurarsa. Wata rana da kuke zaune lafiya ki tambaye shi da murya mai sanyi, “Me ka fi so a zama mace?” Sai ki yi shiru. Wani yaron zai ce don ba a dukan mata, wani don yana so ya koma wajen kakarsa, wani yana tsoron abin da manyan yara maza ke yi masa, wani kuma zai ce haka kawai yake ji tun da ya san kansa. Kowace amsa da inda take kaiwa.

Abin da ya fi gaggawa shi ne duka ya tsaya. Duka yana sa yaro ya daina faɗin abin da ke ransa, ba ya taɓa abin da yake ji, kuma yana cikin hanyoyin da ake samar da rukunin nan na huɗu da muka ambata. Wani bincike da aka wallafa a 2020, daga tambayoyin da manya 27,715 masu sauyin jinsi suka amsa a Amurka, ya nuna waɗanda suka ce wani mai ba da shawara ko malamin addini ya yi ƙoƙarin tilasta musu canzawa kafin su kai shekara 10 sun ninka sauran kusan sau huɗu wajen yunƙurin kashe kansu. Daga tunawarsu aka ɗauko bayanin, amma ya isa gargaɗi.

Maigidanki tsoro ne ke sa shi duka, tsoron abin da ɗansa zai zama da abin da za a ce. Kada ki tare shi a gaban yaron ko gaban mahaifiyarsa, kuma kada ki fara da zargi. Ki ce masa, “Shekara nawa muna dukansa, ya ragu ko ya ƙaru? Mu ba da wata uku ba duka, mu kai shi likita tare.” Namiji ya fi saurin karɓar wa'adi mai iyaka fiye da a ce masa ya yi kuskure. In kuna da wani babba mai sanyin hali da yake jin maganarsa kuma mai riƙe sirri, mutum ɗaya ya isa. A ɓangaren addini, Imam Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim ya bambanta wanda aka halitta da ɗabi'ar mata ba da gangan ba, wanda ya ce babu zargi ko zunubi a kansa, da wanda ke ƙirƙirar ta. Ɗanki kuma bai balaga ba, alƙalami bai hau kansa ba. Ki tuna masa amsar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Aƙra'u ɗan Habis da ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba: wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Yaron yana buƙatar ubansa ƙwarai. Sau biyu a mako su fita tare ko su yi wani aiki da yaron ke so, ko ba shi wa tantabaru hatsi ne, ko rakiya kasuwa. In fitar ta zama darasin “tsaya kamar namiji”, ta lalace.

Ga yadda ake gina shaƙuwa da yaro ɗan shekara takwas. Ki ware minti 10 zuwa 15 kullum a lokaci guda, misali bayan la'asar ko bayan isha, ku biyu kawai, waya a ajiye, ƙanne a hannun wani. Shi zai zaɓi abin da za a yi. A cikin wannan lokacin ba umarni, ba gyara, ba tambayoyin bincike. Ki riƙa faɗin abin da kike gani yana yi, ki maimaita abin da ya faɗa don ya san kin ji, ki yaba abu takamaimai: “Ka yi haƙuri har ka gama jera su,” maimakon “yaron kirki” kawai. In ya zaɓi wasan girki ko 'yar tsana, ki yi da shi, ba zai ƙara masa komai ba face sanin cewa ba kya ƙyamarsa. Kuskuren da aka fi yi guda biyu ne. Na farko, a hana shi lokacin ranar da ya yi laifi, alhali ranar ya fi buƙata. Na biyu, a daina a mako na biyu ko na uku saboda ya ƙara rigima. Wannan rigimar gwaji ce, yana so ya ga ko za ki sake tafiya. Ki ba abin mako shida zuwa takwas. Alamar nasara ita ce ya fara zuwa wajenki in an ɓata masa rai, barcinsa ya gyaru, ya fara ba ki labarin makaranta ba ki tambaya ba. Alkunyar ɗan fari kuma ki bar ta a tsakar gida. A ɗaki ki rungume shi, ki shafa kansa, ki sa masa sunan da ke kaɗai ke kiransa da shi.

Ki ba shi labarin rabuwarku a taƙaice da gaskiya: “Na yi rashin lafiya kana jariri, shi ya sa Hajiya ta riƙe ka. Ba laifinka ba ne, kuma ban taɓa daina sonka ba.” Yara da yawa da aka ba riƙo suna zaton don ba a son su ne. In kakarsa tana raye, a tsara masa ganinta a kai a kai, ko sau ɗaya a wata, da waya a tsakani, kuma a gaya masa ranar tun da wuri don ya riƙa lissafi. In ta rasu, a bar shi ya yi maganarta, ya yi mata addu'a tare da ke.

In ya ce shi mace ne, kada ki yi salati da ƙarfi, kada ki yi gardama, kada kuma ki yi masa alkawarin da ba naki ba. Ki ce, “Na ji ka. Jikinka na namiji ne, kuma na ga wannan yana damunka. Kai ɗana ne ko yaya kake ji, kullum ka zo ka gaya mini.” Ba mu ba da shawarar sauya masa suna ko gabatar da shi a matsayin mace ba. Ko a Ingila, rahoton Dakta Hilary Cass na Afrilun 2024 ya nemi a yi taka-tsantsan da wannan mataki ga yaran da ba su balaga ba, a nan kuma zai jefa shi cikin hatsari na zahiri. Batun sutura a waje ki kafa masa iyaka, amma da dalilin gaskiya: “A waje akwai masu cutar da yaro in sun gan shi da ɗankwali, ni kuma aikina in kare ka.” Wannan ya sha bamban da ce masa abin kunya ne shi. Aski kuma a daina danne shi. A gaya masa kwana ɗaya kafin ranar, a bar shi ya zaɓi mai askin da irin askin, a rage gashin maimakon a yi ƙwal, wani da ya yarda da shi ya zauna kusa.

Makarantar kwana a wannan hali ba mu goyi baya ba ko kaɗan. Zai zama rabuwa ta uku kafin ya kai shekara tara, kuma yaro mai sanyin ɗabi'a a ɗakin kwanan manyan yara shi ake fara zalunta, har da lalata. Gidajen mari da na “gyaran hali” sun fi muni. A garinku, a Rigasa, a Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga irin wannan gida, da yawa yara ne, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. A makarantar da yake yanzu ki samu malami ɗaya ki ce ana tsokanar ɗanki kina so a sa ido, ba sai kin yi ƙarin bayani ba. Ki rage masu sanin maganar. Uwar mijinki ki ce mata kun kai shi asibiti, likita ya hana duka, kuna neman addu'arta.

Asibiti kuwa mataki biyu ne. Ku fara da likitan yara ya duba jikinsa: ko 'ya'yan marainansa biyu sun sauko, ko ƙofar fitsari tana inda ya kamata, tsawo da nauyi, da ko akwai alamar balaga da wuri. Galibi komai lafiya ake samu, amma akwai yaran da ake haifa da bambancin halittar al'aura da ba a gane ba. Ki nemi ya duba alamar cin zarafi ma, musamman in kin ga sabon fitsarin kwance, ciwo ko ƙaiƙayi a gaba ko dubura, tsoron wani mutum takamaimai, sanin maganar manya da ta wuce shekarunsa, ko kuɗi da kyautar da ba ki san tushensu ba. Sannan ku ga likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya mai ganin yara, a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ki tafi da littafinki. Bincike mai kyau yakan ɗauki zama da yawa, a gan ku tare, a ga yaron shi kaɗai, a duba fargaba, damuwa, tsoron rabuwa, da galahanga (wadda likitoci ke kira autism), don wani bincike na 2020 kan mutum fiye da 600,000 ya nuna ta ninka sau uku zuwa shida a masu bambancin jinsi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta ba marar lafiya haƙƙin sirri, ki tambaya tun a zaman farko wa zai ga fayil ɗinsa. In wani ya ce zai “mayar da shi namiji” da allura, ƙwaya ko kunyatarwa, ki ɗauki ɗanki ku nemi wani. Kada a ba shi sinadarin maza ko maganin ƙarfin maza na kemis ko na gargajiya. Sinadarin maza a wannan shekaru yana jawo balaga da wuri, ya rufe ƙashi, yaro ya tsaya gajere, kuma ba ya canza abin da ke ransa.

Ke ma a duba ki. Wadda ta taɓa ciwon damuwa bayan haihuwa yana iya dawo mata, kuma zargin da ake yi miki yanzu irin abin da ke tayar da shi ne. In kin kai mako biyu kina rashin barci, kuka, rashin jin daɗin komai, ko tunanin gara ba kya nan, ki gaya wa likitan a wannan zuwan.

Akwai alamun da ba a jira ranar asibiti: in ya ce gara ya mutu, in ya yi maganar yanke al'aurarsa ko kika gan shi yana ɗaure ta, in ya daina cin abinci, ko ya gudu daga gida. A ranar za ku tafi sashen gaggawa, a kawar da reza, wuƙa, magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunsa ke kai, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Ko da komai ya lafa, ku ci gaba da ganin likitan duk wata uku zuwa shida, ku matso da zuwan da zarar kin ga alamun balaga na farko, wanda a yara maza yakan fara tsakanin shekara 9 zuwa 14 da girman maraina kafin murya ta buɗe. Kafin lokacin, babansa ko likita ya yi masa bayanin abin da zai faru da jikinsa dalla-dalla, don kada ya zo masa ba shiri.